Idan majinyaci ya ce zai yi kisa: Abin da ’yan sanda ke yi da rahoton likita

Duk abin da majinyaci ya faɗa wa likita amana ce. Wannan ƙa’ida ta fi tsauri a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, inda magana ita ce rabin magani, kuma mutum ba ya amayar da abin da ke cikinsa sai ya sakankance cewa ba zai tsinci zancen a bakin kasuwa ba. Sai dai amanar tana da iyaka. Idan majinyaci ya kama sunan wani ya ce zai kashe shi, kuma alamu suka nuna ba ɓacin rai kaɗai ke magana ba, ƙa’idojin aikin lafiya sun ba ma’aikaci damar fitar da zancen. Ƙofar da aka fi nufa da shi kuwa ita ce ta caji ofis.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan nauyin da ke wuyan likita a irin wannan hali. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne abin da ke biyo baya da zarar rahoton ya isa kan kanta: wa ke karɓa, wane iko yake da shi, ina ake kai majinyacin, kuma wa ke sanar da mutumin da aka ce za a kashe. A wannan gaɓar ce rai ke tsira ko ya salwanta. A yanki irin na Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, amsar ta sha bamban da wadda ke cikin littattafan Turai da Amurka.

Wa ke jin irin wannan magana?

A ƙasashen da aka fi nazarin batun, mai jin barazanar yawanci ƙwararre ne da majinyaci ke zama da shi duk mako. A Najeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanen yammacin Zamfara suka fi dogaro da shi shi ne na Kware, a Jihar Sakkwato. Saboda haka mutumin ’Yargalma ko Bagega ko Nasarawar Burkullu da damuwa ta yi wa katutu, ba likitan ƙwaƙwalwa zai fara gani ba. Jami’in lafiya ne a ɗakin shan magani na ƙauye, ko nas a babban asibitin Anka ko na Gummi, ko mai ba da shawara da wata ƙungiyar agaji ta ɗauka don sauraren ’yan gudun hijira. Sau da yawa ma malamin ruƙiyya ne ko limamin gari.

Yankin kuwa yana da abin da zai dami mutum. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ’Yargalma da Dareta da Abare da wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, sanadiyyar gubar dalma da ke cikin duwatsun zinaren da ake niƙawa a tsakar gida. Aƙalla yara 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, kuma yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu samari ne da ’yan mata. Wannan ba ya nufin su masu haɗari ne ga kowa. Yana nufin yankin na buƙatar kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa fiye da wadda yake samu. Bayan gubar sai ga ’yan bindiga. A farkon Janairun 2022 kaɗai, hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun ci rayukan da gwamnatin jihar ta ce 58 ne, mazauna yankin suka ce sun kai 200.

Don haka siffar da batun ya fi ɗauka a nan ita ce ta ramuwa. A ce magidanci ne ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, barci ya ƙaurace masa, kuma ya ƙudurce a ransa cewa wani maƙwabci ne ya nuna gidansa. Ya zo karɓar maganin barci, sai ya ce wa nas sai ya ga bayan wane. Mai irin wannan magana sau da yawa ba shi da taɓin hankali ko kaɗan. Bincike ya daɗe da nuna cewa mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa. Abin da ke ɗaga haɗari shi ne shaye-shaye, da tarihin duka ko sara a baya, da makami a hannu.

Aikin farko na ma’aikacin lafiya shi ne ya bambance zafin zuciya da shiri. Ya ambaci suna? Ya sa rana ko wuri? Yana da adda ko bindiga, ko yana neman saye? Yana jin wata murya tana umartarsa? Ya daina shan magani? Wanda ya ce “Allah Ya isa, da na kama shi da ya gane kurensa” daban yake da wanda ya ce ya san hanyar da wane ke bi zuwa gona ranar kasuwa.

Iznin da doka ta ba ma’aikacin lafiya

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanin majinyaci sai da amincewarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko kuma idan yin shiru zai zama babbar barazana ga lafiyar jama’a. Kundin ɗa’ar aiki na hukumar da ke kula da likitoci, MDCN, ya fi fitowa fili: aniyar aikata laifi da majinyaci ya furta ba ta cikin sirrin da ya wajaba likita ya riƙe, kuma yana iya bayyana gwargwadon abin da zai hana aukuwar laifin ko ya kare wanda ake nufi.

Kalmar “gwargwado” tana da muhimmanci. Iznin bai haɗa da miƙa fayil ɗin majinyaci ɗungurungum ba, balle labarin aurensa ko wata cutar da ba ta shafi barazanar ba. Kuma izni ne, hukuncin yin amfani da shi yana hannun ma’aikacin.

Malaman fiƙihu ma sun tsaya kusa da nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta yanke cewa asali haramun ne ma’aikacin lafiya ya tona sirri, amma ana fitar da shi idan cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, kuma a taƙaita ga waɗanda abin ya shafa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar Shaida ta 2011 ta ba hirar lauya da wanda yake karewa kariya a gaban kotu, amma ba ta ba hirar likita da majinyaci irin wannan kariya ba. Idan magana ta kai gaban alƙali, ana iya kiran likita ya ba da shaida.

Daga kanta zuwa ofishin DPO

Rahoton da ya isa caji ofis ana fara shigar da shi a littafin rahoto, a ɗauki jawabin mai kawowa, sannan DPO ko jami’in da ke kula da sashen laifuka ya miƙa wa ɗan sanda mai bincike. Doka ba ta bar wa wanda ya karɓa zaɓin yin shiru ba. Sashe na 50 zuwa 52 na Dokar Gudanar da Shari’ar Laifuka ta 2015 sun ce ɗan sanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana aikata laifi, idan ya samu labarin ana shirya laifi ya sanar da na gaba da shi, kuma yana iya kama mai shirin ba tare da waranti ba idan babu wata hanyar hanawa. Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta maimaita wannan tanadi, ita kuwa tana aiki a ko’ina a ƙasar.

Abin da aka fi yi a aikace shi ne gayyata. A kira mutumin, a yi masa tambayoyi, a kira babansa ko yayansa ko mai unguwa, a sa ya rubuta takardar alkawari cewa ba zai taɓa wane ba, a sallame shi. Wannan hanya tana da amfaninta, domin wanda zafin zuciya ne kawai ke ɗibarsa yakan dawo hayyacinsa idan ya ga manya sun shiga maganar. Amma takardar alkawarin caji ofis ba umarnin kotu ba ce. Wadda ke da haƙora ita ce wadda alƙali ya sa mutum ya sanya wa hannu, ta zaman lafiya na wani wa’adi, tare da masu tsaya masa, inda saɓawa ke jawo asarar kuɗin da aka ɗaure ko ɗauri.

Idan aka zaɓi kamu, agogo ya fara bugawa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a tsare mutum don hana shi aikata laifi, amma dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta cancanta a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Kuma an haramta kama wani a madadin wanda ake nema, don haka tsare uba ko mata don ɗa ko miji ya fito saɓa doka ne ƙarara.

Sai kuma matsalar tuhuma. Laifin da ya fi kusa shi ne barazana, a sashe na 396 da 397 na Final Kod, mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko bakwai idan barazanar ta kisa ce. A Zamfara, tun shekarar 2000 Musulmi na fuskantar shari’a a ƙarƙashin kundin laifuka na Shari’ar Musulunci, wanda ya kwaso laifuka da dama na Final Kod ya sanya su a babin ta’aziri, kuma ’yan sandan tarayya ne ke kai ƙara a kotunan biyu. Sai dai laifin barazana yana buƙatar a nuna cewa mutum ya yi maganar ne da nufin tsorata wanda yake nufi. Wanda ya faɗi abin da ke ransa a ɗakin likita, a asirce, bai tsorata kowa ba. Lauya mai kaifin basira zai rushe tuhumar cikin ɗan lokaci. Wannan ne ya sa ɗan sanda kan samu kansa da mutumin da ya san yana da haɗari amma ba shi da ƙwaƙƙwaran laifin da zai riƙe shi da shi.

Darasin Kalifoniya

Shari’ar da duk mai karatun aikin ƙwaƙwalwa ke haddacewa ta taso ne daga daidai wannan rami. A watan Agustan 1969, wani ɗalibi ɗan Indiya a Jami’ar Kalifoniya da ke Berkeley, Prosenjit Poddar, ya shaida wa masanin halayyar ɗan Adam da ke duba shi, Dokta Lawrence Moore, cewa zai kashe wata yarinya idan ta dawo daga hutu a Birazil. Bai faɗi sunanta ba, amma gane ta ba wuya: Tatiana Tarasoff ce, wadda ta ƙi soyayyarsa.

Moore ya yi abin da ake tsammani. Ya sanar da ’yan sandan jami’a da baki da kuma a rubuce, ya nemi a kai Poddar asibiti a tsare. ’Yan sanda suka ɗauko shi, suka yi masa tambayoyi, suka ga yana magana cikin natsuwa, ya yi alkawarin ba zai kusanci yarinyar ba, suka sake shi. Shugaban sashen da Moore ke aiki ya nemi a dawo da wasiƙar, ya ce a lalata ta tare da bayanan da aka rubuta. Poddar ya daina zuwa asibiti. Babu wanda ya gaya wa Tatiana ko iyayenta komai. Ranar 27 ga Oktoban 1969 ya je gidansu ya kashe ta da wuƙa.

Iyayenta suka kai ƙara. A 1974 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce wajibi ne likita ya gargaɗi wanda ake nufi, a 1976 kuma ta sake zama ta faɗaɗa hukuncin, ta ce wajibin shi ne ɗaukar matakin da ya dace don kare shi, ko ta gargaɗi, ko ta sanar da ’yan sanda, ko ta wata hanya. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a hukuncin na 1976 kotun ta wanke ’yan sandan da suka saki Poddar. Nauyin ya tsaya a wuyan masu magani.

Hukuncin ba ya aiki a Najeriya, amma labarin ya nuna abubuwa biyu da ba su da ƙasa. Na farko, ɗan sanda yana auna mutum ne cikin ’yan mintuna, kuma mai mugun nufi yana iya zama mafi natsuwar kowa a gaban kanta. Na biyu, rahoton kansa yana iya yanke igiyar da ta rage, domin majinyacin da ya ga an kai shi ƙara da wuya ya sake komawa wurin wanda ya kai shi.

Wa zai gaya wa wanda ake nufi?

A Birtaniya an samar da amsa bayan shari’ar Osman, wadda ta taso daga kisan da wani malamin makaranta ya yi wa mahaifin ɗalibinsa a Landan a 1988, bayan an sha kai ƙorafi ga ’yan sanda. A 1998 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta kafa ƙa’idar cewa idan hukuma ta san, ko ya kamata ta san, rayuwar wani takamaiman mutum na cikin haɗari na gaske kuma na kusa, wajibi ne ta ɗauki mataki. Daga nan ’yan sandan ƙasar suka fara miƙa wa mutum takardar gargaɗi hannu da hannu cewa ana farautar ransa.

A yammacin Zamfara gargaɗi ba abu ne mai sauƙi haka ba. Idan aka gaya wa mutum cewa wane ya ce zai kashe shi, ba ofishin lauya zai nufa ba. Yana iya tara ’yan uwansa, ko ya kai magana ga ’yan sa-kai, ko, idan zargin da ake yi masa gaskiya ne, ya aika daji. A yankin da kalmar “infoma” ta sha zama hukuncin kisa ba tare da alƙali ba, gargaɗin da aka yi da gaggawa yana iya mayar da majinyacin gawa kafin faɗuwar rana. Shi ma ma’aikacin lafiyar a garin yake kwana, kuma kowa ya san ɗakin da aka yi maganar.

Duk da haka, barin mutum cikin duhu shi ne kuskuren da ya kashe Tatiana Tarasoff. Abin da ya fi dacewa da hankali shi ne a jera matakan: a fara tabbatar da inda majinyacin yake da wanda ke tare da shi, a raba shi da makami ta hannun danginsa, sannan jami’i mai muƙami ya sanar da wanda ake nufi da kansa, ya gaya masa abin da ya isa ya kiyaye kansa ba tare da labarin asibiti ba. Sashe na 189 na Dokar Shaida ya ce ba za a tilasta wa ɗan sanda faɗin inda ya samo labarin aikata laifi ba, don haka DPO yana da madogara idan ya ƙi ambaton sunan nas. Shi ya sa ma’aikatan da suka san aiki ba sa tsayawa a kanta, inda masu shiga da fita ke saurare. Sukan bi ta hannun shugaban asibiti, shi kuma ya ga DPO kai-tsaye.

Nisa ma yana da nasa hukuncin. Rundunar ’yan sandan Najeriya ba ta wuce mutum kimanin 370,000 ba, kuma caji ofis na ƙaramar hukuma a wannan yanki yana fama da hare-hare, da rakiyar matafiya, da gadin kasuwa. Ƙauyuka da yawa tafiyar babur ce mai nisa a kan hanyar da ba kullum ake bin ta ba. Lambar gaggawa ta 112 sai da sabis, kuma mutanen jihar ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya gaba ɗaya. Saboda haka hukumar da ke kusa ita ce mai unguwa da dagaci da hakimi, sai Hisbah, sai Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024. Masu sarauta sun fi kowa iya kashe wutar gaba tsakanin gidaje biyu, kuma ’yan sanda kansu sukan jingina da su. Amma babu rantsuwar riƙe sirrin majinyaci a wuyansu, kuma zaure ba ya riƙe magana. Askarawa kuwa an kafa su ne don tunkarar ’yan bindiga. Miƙa musu majinyaci ba ya cikin abin da dokar lafiya ta tanada.

Idan maganar ta taɓa daji

Akwai inda zaɓi ke ƙarewa. A watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin ’yan bindiga a matsayin ’yan ta’adda, gwamnati ta wallafa hakan a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022. Dokar Yaƙi da Ta’addanci ta 2022 kuma ta mayar da ɓoye bayanin da zai taimaka a hana aikin ta’addanci laifi mai zaman kansa. Idan abin da majinyaci ya faɗa ya shafi harin da ake shiryawa a kan gari, ko satar mutane, ko safarar makamai, ma’aikacin lafiya ba ya cikin halin “yana iya” kuma. Irin wannan rahoto ba ya tsayawa a caji ofis, yakan wuce hedikwatar rundunar a Gusau ko hannun DSS da sojoji.

A nan ne ya kamata a fi taka-tsantsan. Mai fama da ruɗewar tunani yana iya cewa shi yaron wani ƙasurgumin ɗan bindiga ne alhali bai taɓa taka daji ba. Idan rahoton bai fito da wannan a fili ba, mara lafiya na iya shafe watanni a tsare ana tuhumarsa da abin da cutarsa ce ta ƙirƙira.

Sel ko asibiti

Fiye da shekara 100, dokar da ke mulkin wannan fage ita ce ta mahaukata da Turawa suka kafa a 1916, aka sabunta a 1958. Tsarewa ce manufarta, ba magani ba, kuma a ƙarƙashinta an ajiye mutanen da ba su aikata laifin komai ba a gidajen yari. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari a asibitoci da gidajen gyaran tarbiyya a sassan ƙasar, a shekarar da ’yan sanda suka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin waccan. Ta amince da haƙƙin majinyaci na sirri da mutunci, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba, ta mayar da hukuncin hannun likitoci. Aikin ɗan sanda a tsarinta shi ne ya kai mutum inda za a duba shi. Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da wanda cuta ce ke tura shi, domin sel ba ya maganin muryar da mutum ke ji a kansa, kuma wanda aka tsare kwana biyu ba magani yakan fito ya fi yadda ya shiga.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da mota. Kai mutum daga Bukkuyum ko Gummi zuwa Gusau ko Kware yana buƙatar abin hawa, da mai, da ɗan rakiya, da kuɗin gado da na magani, kuma kusan kullum a kan dangi nauyin ke faɗawa. Iyalin da ba su da hali sukan koma ga abin da suka sani: ɗaki da kwaɗo, ko gidan mai magani. Wani abin da ke ƙara nisanta iyalai da caji ofis shi ne sashe na 231 na Final Kod, wanda ya sa yunƙurin kashe kai ya zama laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda, alhali mai barazanar kashe wani sau da yawa yana maganar kashe kansa ma.

Wasu ƙasashen sun rage wannan tazara da horo. A birnin Memphis na Amurka, bayan ’yan sanda sun harbe wani mai lalurar ƙwaƙwalwa a 1987, an kafa tsari a 1988 inda ake ba zaɓaɓɓun jami’ai horon sa’a 40 kan yadda za su kwantar da hankalin mutum su miƙa shi asibitin da ya yi alkawarin karɓa ba tare da jinkiri ba. Rabin na biyu, wato asibitin da zai karɓa, shi ne abin da yammacin Zamfara ya fi rashi.

Abin da rahoto ya kamata ya ƙunsa

Ɗan sanda yana aiki ne da abin da aka ba shi. Rahoton da ya ce “wane ba shi da lafiya, yana maganganu” ba zai motsa kowa ba. Wanda ke motsawa shi ne wanda ya kawo kalmomin majinyacin kamar yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, da sunan wanda ake nufi da inda yake, da makamin da aka ambata, sannan ya faɗi ƙarara abin da ma’aikacin lafiya ke nema: a raka shi asibiti ne, ko a sanar da wane, ko duka biyun. A rubuta, a riƙe kwafi, a karɓi sunan jami’in da ya karɓa. Idan babu haɗari a yin hakan, ya fi kyau a gaya wa majinyacin tun farko cewa za a fitar da maganar da dalilin fitar da ita, a kuma sa masa ranar dawowa asibiti kafin ya bar ɗakin.

Dangi kuma suna da abin tambaya: a kan wane laifi aka tsare shi, yaushe za a kai shi kotu ko asibiti, kuma an bar shi ya sha maganinsa? Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Alƙali yana da ikon tura wanda ake tuhuma a duba ƙwaƙwalwarsa kafin a ci gaba da shari’a, kuma sashe na 51 na Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa.

Wanda yake ganin likita ya tona masa asiri ba bisa ƙa’ida ba yana iya kai ƙorafi ga MDCN, idan nas ce kuma ga hukumar kula da ma’aikatan jinya da ungozoma. Wanda ’yan sanda suka yi watsi da rahotonsa, ko suka tsare masa ɗan uwa fiye da wa’adi, yana iya rubuta wa Kwamishinan ’Yan Sanda a Gusau, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar da aka kafa a 2015, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke jihar.